Toshewar Hanjin Kare a Inda Babu Likitan Dabbobi

A ƙauyukan Kafin Hausa, kamar sauran ƙasar Haɗeja, idan karen farauta ya kasa yin bayan gida akan ce cikinsa ya cushe. Sai dai wannan kalma ta haɗe cututtuka biyu, kuma rashin rarrabe su kan jawo asarar kare. Na farko shi ne taurin bayan gida, wanda ruwa da abinci mai laushi ke warwarewa. Na biyu kuwa toshewar hanji ce, wato ƙashi ko totuwar masara ko ƙwallon mangwaro ko leda ta tsaya a hanji.

Ana gane toshewa da yawan amai, har ruwan da kare ya sha ya dawo, da ƙin abinci, da kuka idan an taɓa cikinsa. A nan ɗura masa kanwa ko manja ko wani maganin wankin ciki ganganci ne, domin hanjin da ya toshe yana iya fashewa. Haka kuma, in an ga zare ya leƙo ta dubura, kada a ja shi, yakan yanka hanji. Abin yi shi ne a dakatar da abinci, a riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, a ajiye shi a inuwa. Ƙaramin abu yakan fita da kansa cikin kwana 1 zuwa 2.

Idan amai ya ƙi tsayawa, to aiki ya wuce gida, sai tiyata. Lallai ne a nemi likitan dabbobi a Haɗeja ko Dutse a ranar, domin cikakkiyar toshewa takan kashe kare cikin 'yan kwanaki.