Kalmar "Demo" da Matsalar Fassara Ta Zuwa Hausa: Misali Daga Garwa da Pitowa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kalmomin da fasahar zamani ta shigo da su bakin matasa akwai kalmar "demo". Ana jin ta a ɗakin ɗaukar waƙa, da shagon mai gyaran kwamfuta, da wajen masu wasannin bidiyo. Asalinta guntulen kalmar Ingilishi ce, "demonstration", wadda ta samo tushe daga Latin, inda take nufin nunawa a fili. Faransanci ma ya ari guntulen, yana rubuta shi "démo". Saboda haka Bahaushen Garwa ko Pitowa a arewacin Kamaru, wanda ke hulɗa da Fulatanci a kasuwa da Faransanci a ofis, kuma yake sauraron waƙoƙin da ke zuwa daga Kano, yana iya cin karo da kalmar ta ƙofa biyu.

2.0 Siga da Jinsi

Kalmar ba ta wahalar da harshen Bahaushe. Gaɓoɓinta biyu ne, kowace baƙi da wasali, don haka ba ta buƙatar kwaskwarima irin wadda aka yi wa "bucket" kafin ta zama bokiti. Tun da ba da wasalin "a" ta ƙare ba, ta faɗa jinsin namiji, shi ya sa ake cewa demon waƙa, ba demor waƙa ba.

3.0 Ma'anarta a Fagen Waƙa

A nan ne kalmar ta fi nauyi. Demo shi ne ɗaukar farko da mawaƙi ke yi wa waƙarsa, sau da yawa da murya da fiyano kawai, domin ya kai wa furodusa ko mai gidan rediyo ya ji ko za ta karɓu. Ba a yi shi don sayarwa ba. Masu Faransanci sukan kira shi "maquette", kalmar da magina ke amfani da ita ga ɗan ƙaramin siffar gini da ake nuna wa mai kuɗi kafin a haƙa harsashi. Wannan kwatanci ya fi na Ingilishi fito da ma'anar.

Makaɗan gargajiya ba su san wannan mataki ba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, a gaban jama'a yake ƙirƙira, 'yan amshi su karɓa, mai gida ya yi kyauta ko ya hana. Gwaji da aiki duk a zama ɗaya suke. Sai da kaset da fiyanon Yamaha suka yawaita, aka fara shirya waƙoƙin finafinan Hausa a ɗakunan ɗauka na Kano cikin shekarun 1990, sannan aka sami rata tsakanin waƙar da aka nuna da waƙar da aka gama. (A jikin irin wannan fiyano ma akwai maɓalli mai suna "demo", wanda idan aka danna sai na'urar ta kaɗa kiɗa da kanta domin mai saye ya ji iyakar abin da take iyawa. Wannan wata ma'ana ce daban.)

Ratar nan tana da haɗari ga mawaƙi. A ɗauka matashi ya kai demonsa wani shago a Garwa, wani ya kwafe shi a waya. Kafin kasuwar Lahadi ta Pitowa ta watse, waƙar ta shiga hannu da yawa, da kurakuranta da komai, kuma masu ji ba su san ba a gama ta ba. Idan ya fito da cikakkiyar daga baya, sai a ce tsohuwa ce. Amma wani lokaci ɗaukar farko takan fi ta ƙarshe armashi. A 1982 mawaƙin Amurka Bruce Springsteen ya ɗauki wasu waƙoƙi a gidansa da ƙaramar na'urar kaset a matsayin demo, da aka sake ɗaukar su da cikakkun makaɗa sai aka ga ba su kai na farko ba, aka fitar da na kaset ɗin a kundin Nebraska.

4.0 A Manhaja da Wasannin Bidiyo

A fagen kwamfuta kalmar ta rabu biyu. Ta farko ita ce nuna wa mutane yadda sabon abu ke aiki, kamar yadda Douglas Engelbart ya yi a San Faransisko ranar 9 ga Disamba 1968, inda ya nuna linzamin kwamfuta a gaban taron masana. Ta biyu ita ce manhajar da aka rage wa ƙarfi da gangan, ko aka ƙayyade mata kwanaki, domin mai amfani ya gwada kafin ya biya. WinRAR, misali, kwana 40 ya ɗiba na gwaji. Wanda ya sayi kwamfuta aka zuba masa irin wannan, bai san ma'anar kalmar ba, yakan ɗauka na'urarsa ce ta lalace ranar da wa'adin ya cika.

Wasanni kuwa, yanki ake gutsurowa a bayar kyauta. Kamfanin id Software ya saki kashi na farko na wasan Doom kyauta a 1993, sauran kashi biyu sai an biya. Batun bai tsaya ƙasashen Turawa ba, domin kamfanin Kiro'o Games na Yawunde ya fitar da wasansa Aurion a 2016.

Abin lura shi ne, demon waƙa aiki ne da ba a gama ba, shi kuwa demon wasa yanki ne na aikin da aka gama ko ake dab da gamawa. Kalma ɗaya ce, amma manufar ta sha bamban.

5.0 Wace Kalma ta Dace?

Ɗalibai sukan yi saurin cewa "gwaji", amma gwaji ya yi faɗi, ya haɗa har da na asibiti da na makaranta. "Samfur" ya fi kusa, ko da yake shi ma aro ne daga Ingilishi da ya daɗe har ya zama ɗan gida. Ga wasa da manhaja, babu kamar "ɗanɗano": mai kilishi yakan yago ɗan kaɗan ya miƙa, kuma kowa ya san ba kyauta ce don Allah ba, tarkon ciniki ne. Ga waƙa kuwa ɗanɗano bai zauna ba, domin kilishin da aka yago an riga an gama gasa shi. Nan "ɗaukar farko" ko "waƙar gwaji" ta fi dacewa. Abin da Engelbart ya yi kuma "nuni" ne.

Akwai tarko guda da ya rage. A jaridun Ingila "demo" na iya nufin zanga-zanga. Faransanci bai da wannan ruɗani, domin "manifestation" yake cewa. Ke nan ɗalibin da ya taso da Faransanci a Garwa ya fi na Zariya kusa da faɗawa ramin idan aka ba shi labarin Ingilishi ya fassara: zai ga an ce 'yan sanda sun tarwatsa demo, ya tsaya neman inda mawaƙin yake.