Dogon takalmi da igiyar ƙasa

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram a tsakiyar damina, idan ya kai idonsa gonakin gefen titi, zai ga wani abu da aka saba da shi har ba a lura. Dogon takalmin roba ne ajiye gindin bishiya, kusa da gorar ruwa da ƙwaryar fura, mai shi kuwa yana can cikin kunya yana noma ƙafa ba takalmi. Na taɓa tambayar wani dattijo dalili a wani ƙauye kusa da Sara. Ya dogara da hauyarsa, ya share gumi, ya ce: "Ɗana, wannan abin in ka wuni da shi, kafin la'asar sai ka ce dafa maka ƙafa aka yi. Na safe ne, saboda raɓa."

Ban yi masa musu ba, don na san abin da yake faɗa. Amma ka ga takalmi an saye shi da kuɗin gumi, an ɗauko shi tun daga gida, ya ƙare a gadin fura. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni wane iri zai saya, kafin maganar ƙarko nakan ce ya nemi wanda ƙafarsa za ta yarda ta wuni a ciki.

Abin da ya sa maganar take da nauyi a ƙasarmu shi ne abin da manya ba sa son ambaton sunansa da dare, sai dai su ce igiyar ƙasa. A cikin macizan yankinmu babu mai yi wa manoma ɓarna kamar kububuwa. Ba ta da girma, ba kasafai take wuce santimita 60 ba, launinta kuma ya saje da ƙasa da busasshen ganye. In ta ji motsi ba ta cika gudu ba, sai ta naɗe tana goga jikinta, yana ba da wani sauti kamar an zuba ruwa a kaskon da ya yi zafi. Dafinta yana hana jini daskarewa, sai ka ga dasashi yana zubar da jini, tsohon miki ya buɗe, mutum yana zaune yana hira alhali jini na tsiyaya a cikinsa. Likitan nan ɗan Ingila, David Warrell, ya yi bincike mai zurfi a kan saranta lokacin da yake aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970, Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ya shafe shekaru a kan wannan fanni, kuma a Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibiti guda na masu saran maciji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara ta wannan hanya, a 2017 kuma ta sanya saran maciji cikin manyan cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Yawancin sara a ƙafa yake sauka, daga tafi zuwa idon sawu zuwa ƙwauri, kuma ya fi yawa lokacin shuka da noma da girbi. Ka tuna yadda ake jingine riɗi a gona ya bushe, ko a tara gyaɗa da harawa. Ɓera yana bin hatsi, maciji yana bin ɓera, manomi kuma ya zo da asuba ya tsaya daidai wurin. Dogon takalmi mai kauri yana hana da yawa daga irin wannan sara. Ba laya ba ce, kada a ɗauka haka. Kasa tana da dogayen haƙora, gamsheƙa tana iya kai sara sama da bakin takalmi, hannun da ke tattara dami kuma ba ruwansa da abin da ke ƙafa. Wanda tsautsayi ya faɗa wa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da duk abin da zai matse, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko mafi kusa da za a samu allurar kashe dafi.

Ba maciji kaɗai ba ne. Ruwan fadama da ke kwance yana ɗauke da dodon koɗin da tsutsar tsargiya ke girma a jikinsa, ita kuma ta fatar mutum take shiga. Akwai tsutsar ciki mai shan jini da ke huda tafin ƙafa daga ƙasa mai danshi. Ga ƙaya, ga fasasshiyar kwalba cikin takin da aka kwaso daga juji.

To, wane za a saya? 'Yan kasuwa duk renbut suke ce musu, amma abin da aka yi su da shi ya bambanta. Akwai na danƙon asali, wanda ake tatsa daga bishiya irin wadda ake nomawa a jihohin Edo da Delta. Shi ne kakan sauran. Bayan Charles Goodyear ya yi rajistar dabarar dafa danƙo da farar wuta a 1844, wani ɗan Amurka mai suna Hiram Hutchinson ya kafa masana'anta a Faransa a 1853, ya riƙa yi wa manoman can takalmin da ruwa ba ya ratsawa, kamfanin Aigle ke nan da yake nan har yau. Na danƙo yana da laushi, yana lanƙwasa tare da ƙafa, amma yana da tsada, kuma rana da man fetur da baƙin mai abokan gabarsa ne. Mai injin ban ruwa ya riƙe wannan a ransa. Sai na PVC, wanda shi ne ya cika kasuwanninmu daga Kano har Sara. Ya fi araha, ya fi jure maganin feshi da taki, sai dai yana da tauri, da sanyin hunturu kuwa yakan sandare kamar ƙirgi. Na ukun shi ne mai kama da soson silifas, wanda in ka ɗaga sai ka ji kamar ba ka riƙe komai ba. Daɗin sawa ba a magana, amma ƙayar bagaruwa ba ta jin kunyarsa, don haka na wankin mota ne da tsakar gida, ban yarda a shiga daji da shi ba.

Ni kaina na yi kuskuren da nake gargaɗi a kai. Wata shekara na sayi mai lamba 44 alhali 42 nake sawa, saboda mai shagon ya ce babba ya fi shan iska. Ranar farko a gonar shinkafa, taku uku na yi laka ta riƙe na dama, ƙafata ta fito ita kaɗai da safa, na tsaya a kan ƙafa ɗaya kamar zalɓe, yaran da ke korar tsuntsu suna ta dariya. Kafin yamma dunduniyata ta yi bororo, don duk takun da na yi sai ta goga da bayan takalmin. Washegari nawa ma ya koma gindin bishiya.

Tun daga ranar nake zuwa sayen takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar wuni, kuma da safar da zan riƙa sawa a aljihuna. A sa duka biyun, don ƙafafun mutum ba su cika zama daidai ba. Yatsu su sami wurin motsi, kamar faɗin babban yatsan hannu tsakaninsu da bakin takalmi, amma idon sawu ya kama, dunduniya kada ta riƙa ɗagowa. A yi taku goma a gaban rumfar, a tsuguna kamar mai cire ciyawa. In bakinsa na sama yana cizon bayan gwiwa, ya yi tsawo. In bai kai tsakiyar ƙwauri ba, na lambun gida ne.

Sannan a cire a gwada shi da hannu. Lanƙwasa shi sosai daidai inda yatsu ke karyawa, ka duba. Idan wurin ya yi fari, ko ƙananan tsaga suka bayyana, to nan zai fara fashewa, kuma ba zai ga ƙarshen damina ba. Danna tafinsa da babban yatsa daga ciki: in kana jin yatsanka ta waje, ƙaya ma za ta sami hanya. Bi mahaɗar tafi da jiki da ido, ka ɗaga shi saitin rana ka leƙa ciki ko haske na shigowa. Zanen ƙasansa ya zama mai zurfi da tazara, don mai ƙananan zane laka take cikewa ya koma sumul kamar sabulu. Wanda aka shimfiɗa wa yadi a ciki ya fi sauƙin sawa da cirewa, ya kuma fi shan gumi. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. Na ga masu ƙarfe a baki, na ma'aikatan gini, manomi ya saya yana alfahari, ya wuni yana jan nauyin da ba ya bukata. Na ga kuma na gwanjo masu gashi a ciki, waɗanda aka yi domin ƙanƙarar Turai. Ka sa wannan a zafin watan Afrilu ka gani.

Zafin da dattijon nan ya koka da shi ba ya ɓacewa gaba ɗaya, roba ba ta numfashi. Ana dai rage shi. Safa mai kauri ta fi ƙafa tsirara, ko da mutum zai ga kamar ƙarin zafi ne, don ita ke shanye gumin da ke jawo cin ruwa tsakanin yatsu. A tafi da biyu, a sauya da azahar. Ai dama za a cire domin alwala, sai a bar takalmin a kife ya sha iska, a tsane tsakanin yatsu kafin a mayar. Mai feshi kuma ya saki ƙafar wandonsa a kan takalmin, kada ya cusa ta ciki, in ba haka ba maganin da ya gangaro daga wando a cikin takalmin zai taru, ƙafa ta wuni tana jiƙe a guba.

Akwai inda ba shi da amfani. Mafarautan da ke fita da karnuka da rani, ana gudu ana tsallake duwatsu irin na wannan yanki, dogon takalmin roba zai kayar da su ne kawai, sau-ciki mai ɗauri ya fi musu. Mai tsallaka kogi kuma ya cire ya rataya a wuya, domin in ruwa ya cika shi, fitar da ƙafa aiki ne.

Ajiya ke kashe yawancinsu tun kafin aiki ya kashe su. Ana dawowa daga gona a jefa shi kan rufin kwano ko bayan ɗaki, rana ta gasa shi wata shida, damina ta zo a tarar ya tsattsage. A wanke lakar, a kafa sanda biyu a inuwa a kifa shi a kai. In na danƙo ya huje, mai facin taya zai liƙe shi kamar yadda yake yi wa tubun babur. Na PVC ba ya riƙe irin wannan facin sosai, masu gyaran bokiti ne ke narka masa wata robar da wuƙa mai zafi. Da safe kuma, kafin a zura ƙafa, a riƙe shi ta dunduniya a buga a ƙasa sau biyu, a zazzage. Kunama tana son wuri mai duhu da ɗumi, maƙwabcina ya tabbatar da haka da babban yatsansa na hagu, ranar da ya yi saurin fita ban ruwan albasa.