Tafintan da ke cikin kwamfuta, wa ke da nauyin sabunta shi?

Ma'aikacin da ke zaune gaban kwamfuta a biro, a Sanam ne ko a Filinge, bai cika sanin cewa manhajar da yake aiki da ita ba kai tsaye take magana da injin ba. Manhajoji da yawa an rubuta su ne da Java, harshen da kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995, wanda Oracle ya gada a 2010. Irin wannan manhaja sai da tafinta, wato wata manhaja ta daban da ake girkawa cikin kwamfutar, mai juya umarni zuwa abin da injin ke ganewa.

To, tafintan nan yana tsufa. Masu bincike na gano ɓaraka a jikinsa, ɓarayin intanet su ma suna ganowa. Shi ya sa Oracle ke fitar da gyara sau huɗu a shekara: Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba. A 2012, wata muguwar manhaja mai suna Flashback ta bi ta ɓarakar Java ta shiga kwamfutocin Apple kimanin 600,000, alhali gyaran ya riga ya fito, bai dai isa gare su ba.

A nan gizo ke saƙar. Aika gyara daga Amurka abu ne mai sauƙi; saukar da shi a ƙasar Kurfai, inda layi ke zuwa yana ɗaukewa, wani aiki ne dabam. Kuma wanda ya sabunta tafintan ba tare da shawara ba, yana iya wayar gari tsohuwar manhajar biro ta ƙi buɗewa, aikin jama'a ya tsaya. Saboda haka ma'aikata da yawa ke rufe saƙon sabuntawa da zarar ya bayyana. Ba a ga laifinsu ba sosai.

Tun daga Java 11, a 2018, Oracle ya daina ba da tafintan shi kaɗai, ya kuma cire sabuntawar da ke yin kanta. Ana son mai rubuta manhaja ya haɗa ta da tafintanta, ya riƙa aiko da gyaran duka biyu tare. Nauyin ya koma kan wanda ya kawo manhajar. Ya kamata shugaban ma'aikata ya tambaye shi tun kafin sa hannu kan takarda: wane Java ke ciki, wa zai sabunta shi, kuma ta wace hanya gyaran zai iso Sanam?