Motar Rediyon Soja: Gyaran da Ya Fi Tayar da Inji Wuya

Duk wanda ya shigo Potiskum ta hanyar Kano ko ta Bauchi, tun kafin ya kai tsakiyar gari zai san ya zo garin manyan motoci. Tireloli jere a bakin titi, masu walda na ta feshin tartsatsi, yaran kanikawa kwance ƙarƙashin motar da za ta kwashi shanu ko hatsi zuwa Kudu. Bakaniken garin nan ba ya tsoron mataccen inji. In babu kayan gyara ya ƙera, in bai ƙeru ba ya ciro na wata motar ya daidaita. Da wannan basirar ake riƙe da sufurin yankin nan. Amma akwai aikin da ita basirar kan mayar gyaran gangar Auzinawa in ba a yi hattara ba, wato maido da tsohuwar motar rediyon soja yadda take lokacin da tana bakin aiki.

Maganar ba ta yi mana nisa ba. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga watan Satumba na 1940, Ingila ta riƙa harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi da ke Ghana ta yau, ana tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (N'Djamena ta yau) da Khartoum har Masar. Jirage sama da 5,000 suka bi wannan hanya, kuma Potiskum na tsakanin zangon Kano da na Maiduguri. Kowane zango da rediyo yake sanin jirgi nawa suka taso, da wanda ya ɓace a hazo. 'Ya'yan Arewa kuma sun cika runduna ta 81 da ta 82 da suka yi yaƙin Bama, inda a kwarin Kaladan mota ba ta da hanya, sai dai a ɗora rediyo da baturansa a kai. Sunan barikin Chindit da ke Zariya daga can ya samo asali.

To mece ce motar rediyo? Ɗakin sadarwa ne aka ɗora kan tayoyi. Ɗauki Bedford QL, wadda aka ƙera kimanin 52,000 a garin Luton tsakanin 1941 da 1945, mai injin fetur silinda shida, mai ja da ƙafa huɗu. Samfurinta na 'yan sigina, QLR, a gaba ba ta bambanta sosai da 'yar'uwarta mai ɗaukar kaya ba. Bambancin yana baya: rufaffen ɗaki mai teburin aiki, kujerun ma'aikata, akwatunan batir, kantocin ajiye kayan gyara, maƙalar sandunan eriya, da labulen da ke hana haske fita da dare. Amurkawa nasu shi ne SCR-299, wanda suka shiga Arewacin Afirka da shi a Nuwamban 1942, na'urar aikawarsa BC-610 ta kamfanin Hallicrafters tana fitar da wat 400, janaretansa kuma a tirelar da motar ke ja.

Bayan yaƙi an yi gwanjon motocin soja, mutane suka saya suka shiga haya. Ga mai neman abinci, teburi da kanta a bayan mota asarar wurin buhu ne, don haka abin da ake fara fincikewa a zubar shi ne kayan ciki. Shi ya sa masu wannan aiki a Turai suka fi shan wahala a kan maƙalar batir da akwatin haɗa wayoyi fiye da giya da inji. Inji iri ɗaya ne a dubban motoci. Kayan ciki kuwa kaɗan aka yi tun asali, kuma su ne shaidar cewa motar ta rediyo ce. In babu su, akori-kura ce kawai mai fentin soja.

A nan ne hannun bakanike ke buƙatar birki. Ranar farko ba ranar guduma ba ce. Ana ɗaukar hoton kowane lungu, a auna, a rubuta. Hudojin kusoshi da suka rage a daɓen bodi da bangonsa su ke nuna inda teburi ya zauna da faɗinsa. Inuwar da kanta ta bari a jikin tsohon fenti tana ba da tsawonta. Ƙaramin allon ƙarfen da ke ɗauke da lambar mota da ta kwangila shi ke kai mutum ga littafin kamfani da ya lissafa kayan da aka saka mata. Mai fenti da ya ga tsatsa ya kankare bodin fes har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya share lambar runduna da ke kwance ƙarƙashin fenti uku ko huɗu, kuma ba ta dawowa. Da yashin goge ƙarfe mai laushi ake bi, shimfiɗa bayan shimfiɗa, har rubutun ya bayyana.

Yanayinmu yana taimakawa ta wani gefen, ya cuta ta wani. Bushewar Yobe ba ta cin ƙarfe kamar damshin Kudu, amma rana na ƙona roba da tamfol, gara na shiga katako, ƙurar hunturu kuma ta cika kowace kafa. Kafinta zai so ya sa sabon katako gaba ɗaya don aiki ya yi kyau. A ganina kuskure ne. Allon da ya ci rabi a yanke ruɓaɓɓen a yi masa ƙari, wanda ya mutu ɗungurungum a kwaikwayi irinsa, sannan a buga wa sabon alama a bayansa don na gaba ya san ba na asali ba ne.

Sai ita na'urar. Wadda ta fi yawa a motocin sojan Ingila ita ce mai lamba 19, ƙirar kamfanin Pye, da ta fara aiki a 1941. Akwati ne na ƙarfe mai bawul 15, irin ƙwayayen gilashin nan da ke zafi kafin su yi aiki. Na'ura uku ce a haɗe: ta nesa mai aiki tsakanin megahaz 2 da 8, ta kusa don motocin da ke ayari ɗaya, da ta magana tsakanin waɗanda ke cikin motar. Da sandar eriya murya kan kai kamar mil 10, saƙon ƙwanƙwasa na Mos ya fi haka nisa. Batirinta mai bolt 12 ne, amma a gefenta akwai ɗan injin da ke juyawa ya ɗaga wutar zuwa bolt 275 da 500. Wasu da aka ƙera a Kanada za ka ga rubutun Rashanci a fuskarsu kusa da na Turanci, domin an yi su ne har da sojan Tarayyar Sobiyet.

Kada mai rewaya ya ce bari ya jona batir ya ji ko tana da rai. Kafasitocin takarda na wancan zamani suna yoyon wuta bayan shekara tamanin, robar jikin wayoyi ta bushe tana marmashewa, jonawa ɗaya kan ƙone abin da ba a sayar da irinsa. Ɗaya bayan ɗaya ake gwada su, a sauya matattu, a shigar da wuta kaɗan-kaɗan. Masu tsananin kula har ɓoye sabon kafasita suke yi cikin kwanson tsohon don ciki ya zauna da kamanninsa. Haka nan siraran igiyoyin jan ƙarfe da ke haɗa bodi da ƙashin mota, da rigar ƙarfen da ke kan wayoyin fulogi, ba ado ba ne. Tartsatsin fulogi yana haifar da ƙara a rediyo, su ne ke kashe ta. Wanda ya cire su don ya ga ba su da amfani, da an tayar da inji ba zai ji komai ba sai ƙarar tafasa.

Akwai haɗarin da ya kamata kowane gareji ya sani. Fentin da ke sa lambobin mita da maɓallai haske cikin duhu yana ɗauke da sinadarin radiyam a na'urori da yawa na lokacin. Hasken ya daɗe da mutuwa, amma radiyam sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare. Ba a kankare shi, ba a hura ƙurarsa, ba a buɗe gilashin mita a ɗakin da yara ke wasa. Tsofaffin birki da abin tare zafi kuma sukan ƙunshi asbestos mai lalata huhu. Manyan na'urori irin BC-610 suna aiki da wutar da ta kai bolt 2,000, wadda ke kisa nan take.

Najeriya na da inda za a duba. Gidan tarihin yaƙi na Umuahia, da aka kafa a 1985, yana ajiye da motocin sulken da Biyafara ta ƙera da ɗakin ƙarƙashin ƙasa da aka riƙa watsa shirin rediyonta bayan Enugu ta faɗi a Oktoban 1967. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, mai aiki tun 1979, ita ce ya dace a fara sanarwa in an tsinci irin wannan mota a bayan wani tsohon ofishi ko gareji, domin 'yan gwangwan ba sa jira, kuma jan ƙarfen cikin rediyo shi suka fi so. Tsofaffin 'yan sigina da suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ma akwai sauransu a garuruwanmu. Sun san inda ake rataye abin sauraro da yadda ake jera batura, abin da littafi ba ya faɗa duka, kuma ya kamata a zauna da su a naɗi bayaninsu tun yanzu.

In aiki ya kammala, ba a ɗaga eriya a hau iska haka kawai, balle a yankin da jami'an tsaro ke sa kunne. Ana gwada na'urar aikawa ne a kan wani abin da ke shanye wutar a maimakon eriya, don kada saƙo ya fita. Mai son ya yi magana da ita da gaske sai ya nemi lasisin masu rediyon sha'awa daga gwamnati, a ba shi lambar kira mai farawa da 5N, alamar Najeriya.