Allurar Mura: Laulayin da Ba Komai da Wanda Ake Gaggawar Kai wa Asibiti

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya kankama, da wuya ka shiga gida a Ikara, Maƙarfi ko Hunƙuyi ba ka iske mai tari ba. Lokacin kuwa shi ne na saran rake da ban ruwan tumatir, ba mai kwanciya don majina. A dafa citta da kanumfari, a matsa lemun tsami, a shafa man zafi a ƙirji, da asuba a nufi fadama. "Mura ce kawai," haka muke cewa. Shi ya sa idan aka ce wa mutum akwai allurar riga-kafin mura dariya yake fara yi. Idan kuma ya ji wanda aka yi wa ya kwana biyu yana jin jiki, sai ya ce an gudu ba a tsira ba.

Abin da muke haɗawa mu kira mura ba ciwo ɗaya ba ne. Akwai ta yau da kullum, mai zuwa a hankali da atishawa da yoyon hanci, wadda ƙwayoyin cuta iri-iri, fiye da 200, ke haddasawa. Akwai kuma wadda likitoci ke kira infuluwenza, mai kayar da mutum farat ɗaya: da safe yana gona, da la'asar yana rawar ɗari, ga zazzaɓi mai zafi, ga ciwon kai, ga busasshen tari, gaɓoɓi duk sun yi tsami. Wannan ta biyun ita ake yi wa allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kwantar da mutum miliyan 3 zuwa 5 magashiyyan duk shekara, tana kuma kashe tsakanin 290,000 da 650,000, galibi idan ta sauka huhu. Kakanninmu sun ga mafi munin danginta a 1918, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, lokacin da annobar marisuwa ta shigo Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba, ta biyo layin dogo zuwa Zariya da Kano, layin nan da ya ratsa ta Likoro da Gimi. Masana tarihi sun ƙiyasta ta ci rayuka kusan 500,000 a Najeriya. Murar tsuntsayen da ta fara ɓulla a Afirka a wata gonar kaji ta Jaji a farkon 2006 ma 'yar gidan ce, sai dai allurar da muke magana a kai ba tata ba ce.

Allurar mura ba ta cikin jerin riga-kafin da gwamnati ke yi wa yara kyauta a asibitocin shan magani, don haka yawancin mutanenmu ba su taɓa cin karo da ita ba. Waɗanda suka fi jin labarinta maniyyata ne. Saudiyya ta wajabta wa alhazan Najeriya riga-kafin sanƙarau da na shawara da na shan inna, sannan tana ba da shawarar a ƙara da na mura, musamman ga tsofaffi da masu juna biyu da masu ciwon da ba ya rabuwa da jiki. Duk wanda ya taɓa zuwa taryar alhazai ya san dalili. Tun kafin a kwance jaka an raba tsarabar tari.

To, me ke faruwa bayan an yi ta? Abin da ya fi yawa ciwon dantse ne. Wurin ya yi tsami, ya ɗan tasa, ya yi ɗumi. Hajiya za ta ɗaura ɗankwali ta ji hannu ya ƙi ɗaguwa yadda ta saba. Alhaji zai saɓa babbar riga a kafaɗa ya yamutse fuska. Da dare a kasa kwanciya ta wannan ɓarin. Wasu kan ƙara da kasala, ciwon kai, ciwon jiki, ɗan zazzaɓi ko tashin zuciya, yawanci daga yammacin ranar zuwa washegari. A nan ne za ka ji ana cewa, "Wallahi allurar nan ta kayar da ni." Ba ƙarya suka yi ba, kuma kuskure ne a ce musu tsoro ne kawai. Amma kwana ɗaya zuwa biyu abin ke yi ya wuce. Da yawa ma ba sa jin komai bayan sukar allurar.

Ba mura aka ɗura wa mutum ba. Ƙwayar cutar da ke cikin kwalbar matacciya ce, ko kuma ɓangarenta kawai aka ciro, ba ta iya hayayyafa balle ta sa ciwo. Kamar a tara 'yan sintirin gari ne a nuna musu hula da rigar ɓarawo: za a yi hayaniya a daren, a haska tocila, a hana unguwa barci, alhali ɓarawon bai zo ba. Hayaniyar ita ce ɗumin jikin. Maganinta kaɗan ne: a ɗora tsumma mai sanyi a wurin, a riƙa motsa hannun, a sha ruwa sosai, a sha farasitamol in an matsu. Kada a gasa da ruwan zafi ana murzawa, kada a ba yaro asfirin, kada kuma a je kemis a kwaso kafso, domin ba shi da aikin yi a nan.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko ƙarfi: "An yi mini, kuma sai da na yi mura." Wannan ma yana faruwa. Jiki na buƙatar kimanin mako biyu kafin ya gama haɗa garkuwa, saboda haka wanda aka yi wa ana jibi tashi daga Kaduna ya shiga cunkoson Madina a buɗe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan allurar ba ta da hurumi a kan murar yau da kullum, ko tarin ƙura da na sanyin na'ura. Bayan haka ƙwayar infuluwenza na sauya kama kusan kowace shekara. Masana na zama sau biyu, a Fabrairu da Satumba, su yi kirdadon nau'o'in da za su yi tashe, a haɗa sabuwar allura da su. Shekarar da aka dace, tana rage haɗarin kamuwa da kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Shekarar da ba a dace ba, ƙasa da haka. Ba katanga ba ce, kuma duk wanda ya ce maka ita ce ya zuzuta. Amfaninta da ba a gani shi ne wanda ya kamu bayan an yi masa, sau da yawa ciwon kan zo masa da sauƙi. Sauya kamar ƙwayar kuwa shi ne dalilin maimaita allurar duk shekara.

Akwai abin da ya shafe mu nan wanda takardar cikin kwali ba ta ambata ba, domin ba a ƙasar sauro aka rubuta ta ba. A garuruwan da ke kewaye da fadama da gonakin rake, zazzaɓin cizon sauro ba ya jiran damina. Mutum na iya karɓar allura ranar Litinin, maleriyar da ta kwana goma a jininsa ta tashi ranar Laraba, a ɗora wa allura laifi, a zauna gida ana jiran ta sake shi. Wannan jiran shi ne haɗarin. Zazzaɓin allura mai sauƙi ne kuma gajere. Idan ya yi zafi ƙwarai, ko ya wuce kwana biyu, ko ya zo da amai da jijjiga, a je a yi gwajin jini. Haka kuma maniyyaci kan karɓi riga-kafi biyu ko uku a zama ɗaya, ya tashi bai san sunan ko guda ba, in hannu ya kumbura ba a san wacce za a tuhuma ba.

Illa mai tsanani akwai ta, amma ƙalilan ce. Ta farko ita ce jiki ya yi bore nan take: borin jini ya feso, leɓe da fuska su kumbura, numfashi ya sarƙe, jiri ya ɗebi mutum. Tana samun kimanin mutum 1 cikin miliyan, cikin mintuna ko 'yan sa'o'i, kuma akwai allurar da ke kwantar da ita idan ana gaban ma'aikatan lafiya. Shi ya sa ake cewa a zauna minti 15 kafin a tafi, ba don a ɓata wa kowa cinikin kasuwar Laraba ba. Ta biyu ciwon jijiyoyi ne mai suna Guillain-Barré, wanda ke farawa da sanyin ƙafafu yana hawa sama cikin makonnin da suka biyo baya. A Amurka a 1976, wata allurar murar aladu ta jawo shi ga kimanin mutum 1 cikin 100,000, har aka dakatar da shirin. Tun daga nan ake sa ido, kuma a allurar shekara-shekara bai wuce 1 zuwa 2 cikin miliyan ba. Murar kanta ta fi allurar jawo shi. Wanda ya taɓa yin ɗayan waɗannan biyun bayan allura ya faɗa wa likita tun kafin a zare sirinji. Mai zazzaɓi a ranar ya bari sai ya warke. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa ba a yi masa.

Ƙaton saurayi mai lodin rake zai iya yin infuluwenza ya miƙe cikin mako guda. Kakarsa mai shekara 70, ko mahaifinsa mai ciwon suga, ko ƙanwarsa mai sikila ko fuka, ko matarsa mai ciki, lissafinsu daban ne. A Bamako ta ƙasar Mali an yi bincike a kan mata masu juna biyu sama da 4,000 daga 2011 zuwa 2014, aka ga allurar da aka yi wa uwa ta kare jaririnta a watannin farko na rayuwa. Ga irin waɗannan, ciwon dantse na kwana biyu araha ne.

Ba na ganin laifin wanda ya yi tambaya kafin ya miƙa hannu. Arewa ba ta manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma raɗaɗinsa na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa riga-kafin shan inna a 2003. Jita-jita a wurin da aka yi shiru take tsirowa. Ma'aikacin da ya ce "ba ta yin komai" don ya rage layi, gobe in jiki ya yi ɗumi ya zubar da yardar gida guda, gidan kuma ya kai labari majalisa da gidan suna.

Maƙarfi gari ne da ya daɗe yana yaye ma'aikatan lafiya tun zamanin Kwalejin Shehu Idris, kuma ɗalibanta ne ke riƙe da ɗakunan allura da yawa a wannan yanki. Roƙona gare su da malaman bitar alhazai: ku faɗa wa Baba da Inna sunan abin da za a yi musu, ku rubuta a kati, ku gaya musu hannu zai yi tsami kuma jiki na iya yin ɗumi, ku nuna musu alamomin da in sun gani za su dawo da gudu. Wanda kuma ya dawo da ƙorafi, a saurare shi, a cike masa takardar rahoto ta kai ga jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma.