Kafin A Sayi Akwatin Sifanonin Da Ake Talla A Waya: Yadda Ake Tara Kayan Gyaran Mota

Duk mai duba Facebook, TikTok ko kasuwannin intanet irin su Jiji da Jumia ya saba cin karo da tallar akwatin kayan gyaran mota. A buɗe shi, sifanoni da soket suna walƙiya a jere, an rubuta guda 108 ko 150, farashin kuma bai kai yadda ake zato ba. Ga matashin da ke koyon kanikanci a gareji, ko wanda ya sayi motarsa ta farko yake son yin ƙananan gyare-gyare da kansa, tallar tana da jan hankali.

Sai dai yawancin abin da ke cika lissafin irin wannan akwati ƙananan bakunan sukudireba ne, da lambobin da za a shekara ba a taɓa su ba. Kayan da ake ɗauka kullum ba su da yawa, kuma su ne ke nuna ko kuɗin ya tafi a banza. Idan ƙarfensu mai laushi ne, sifana za ta buɗe baki ta goge kan noti, aikin minti biyar ya koma na wuni guda, wani lokacin har sai an nemo mai walda. Ga ɗan koyo kuma, lalata notin motar kwastoma na iya sa maigida ya daina ba shi aiki.

Mota ce ke faɗin lambar sifana

Kafin a kashe ko sisi, a fara tambayar wace irin mota za a riƙa taɓawa. Lambar da ke jikin sifana faɗin kan noti ne a ma'aunin milimita, kuma kowane yanki na masu ƙera mota yana da lambobin da ya fi amfani da su.

Motocin Japan irin su Toyota, Honda da Nissan sun fi amfani da 8, 10, 12, 14, 17 da 19. Motocin Turai irin su Volkswagen, Peugeot da Mercedes sun fi son 13 a inda na Japan ke sa 12, sannan ana yawan samun 16 da 18 a jikinsu. Notin taya a galibin Toyota 21 ne, a Honda 19, a Golf kuma 17. Notin zubar da baƙin mai a Corolla 14 ne, a galibin Honda 17. Filogi yana da soket nasa mai tsawo, wanda aka fi samu shi ne 16.

Lamba 10 ta fi kowace aiki, domin da ita ake kwance kan batir, murfin inji da maƙalai da dama. Ita ce kuma ta fi ɓata, don haka babu asara a mallaki biyu.

A kula da akwatunan da aka yi wa kasuwar Amurka, masu lambobi irin 1/2 da 9/16. Wannan ma'aunin inci ne. Rabin inci milimita 12.7 ne, wato ya kusa da 13 amma bai kai ba, ya kuma yi wa 12 yawa. Wannan ɗan bambancin ya isa ya lalata kan noti.

Abin da za a duba a jikin soket da racet

Soket iri biyu ne: mai kusurwa 6 a ciki da mai kusurwa 12. Mai kusurwa 6 yana kama gefunan noti sosai, shi ya sa ya fi dacewa da notin da ya yi tsatsa ko ya ƙi kwancewa. Mai 12 ya fi saurin shiga a lungu, amma ya fi saurin zamewa. Mai fara tara kaya ya fara da mai 6.

Racet, wato hannun da ke juya soket yana ƙas-ƙas, yana zuwa da girma uku: 1/4, 3/8 da 1/2. Ƙaramin na ƙananan notoci ne, babban na taya da ƙafar mota, na tsakiyar kuma shi ne ya fi shiga yawancin aikin inji. Adadin haƙoran cikinsa ma yana da tasiri. Mai haƙori 72 yana kamawa da an motsa shi digiri 5, mai 36 kuwa sai digiri 10. A matsattsen wuri, wannan ne ke raba wanda zai yi aiki da wanda ba zai yi ba.

Ɗabi'ar zura faif a hannun racet don ƙarin ƙarfi ita ce ke karya haƙoransa. Akwai dogon hannun soket marar haƙora da aka yi domin wannan aikin, kuma ya fi racet arha.

Rubutun Cr-V a jikin kaya yana nufin ƙarfen da aka haɗa da kuromiyam da banadiyam, wanda ake yin kayan hannu da shi. Baƙaƙen soket masu kauri da aka rubuta wa Cr-Mo na injin kwance noti ne mai amfani da iska ko batir. Sa soket mai ƙyalli a irin wannan inji na iya sa ya tsage ya yi tsalle. Amma rubutun kaɗai ba shaida ba ne, domin masu jabu ma suna buga shi. A gwada soket a kan noti mai lambarsa. Idan yana girgiza, a ajiye shi.

Sukudireba ma ba ɗaya ba ce

Sukurun motoci da baburan Japan masu kan gicciye sukan bi tsarin JIS, wasunsu da ɗan ɗigo a kai. Sukudirebar Phillips da aka saba da ita ba ta zama daidai a cikinsu, sai ta riƙa fita tana cinye kan sukurun. Motocin Turai kuma sun cika da sukuru mai kan tauraro da ake kira Torx, musamman T20, T25 da T30. Wanda zai taɓa Golf ko Peugeot ba zai yi nisa ba sai da su, tare da jerin alanki.

Inda bai kamata a yi rowa ba

Jak aikinsa ɗaga mota ne kawai. Na haidurolik yana iya saki ba zato, na cikin but kuma yana iya gocewa. Shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko wadda aka tokare da bulon siminti, kasada ce da rai. Mazaunan ƙarfe guda biyu masu ƙafafu, waɗanda aka rubuta nauyin da suke ɗauka, su ne ya kamata su riga kowane kayan ƙawa shiga akwati.

Na biyu shi ne sifanar auna ɗauri, wadda ke yin ƙara idan noti ya kai ƙarfin da kamfani ya ƙayyade. Notin tayar Corolla 103 Nm ne, na galibin ƙananan Honda 108, na Golf 120. Kan injin motocin zamani na alminiyam ne, don haka ɗaure filogi fiye da ƙima yana iya cinye zaren ramin, gyaran kuma ya fi kuɗin sifanar. Ba a kwance noti da ita, kuma bayan aiki ana mayar da ita lamba mafi ƙanƙanta.

Inda waya ke shigowa

Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996, da na fetur a Turai tun daga 2001, suna da kafar OBD2 mai fil 16, galibi a ƙasan sitiyari. Ana soka mata ƙaramar na'ura irin ELM327, a haɗa ta da waya ta Bluetooth, sannan manhaja irin Torque ko Car Scanner ta karanto lambar matsalar inji. Masu iPhone su nemi mai Wi-Fi ko Bluetooth 4.0, domin mai tsohon Bluetooth ba ya haɗuwa da ita.

Na'urar ba ta faɗin kayan da za a canza. Lambar P0301 tana nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai, kuma laifin na iya zama na filogi, koyil ko nozul. A Toyota, da soket lamba 10 ake cire koyil ɗin a musanya shi da na silinda ta biyu. Idan lambar ta koma P0302, koyil ne ya mutu. Waya ta nuna wurin, kayan hannu suka tabbatar, ba a sayi abin da bai lalace ba.

Mitar auna wuta ma tana da amfani. Cikakken batir yana nuna kusan 12.6V, idan inji na aiki kuma ya haura zuwa wajen 14V. A motocin haibrid, wayoyi masu launin lemo suna ɗauke da wuta mai iya kisa, ba a taɓa su sai da horo.

Sabo, na hannu ko ta intanet

A Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas, mai saye yana iya riƙe kaya ya gwada. Sifanar hannu ta kamfani irin Gedore, Facom ko Snap-on, idan bakinta bai buɗe ba kuma ba ta tsage ba, sau da yawa ta fi sabuwa marar suna. Sifanar auna ɗauri ce kawai ba a so a saya ta hannu, domin ido ba ya gane ko ma'auninta ya goce.

Wanda zai saya ta intanet ya nemi hoton jerin lambobin da ke cikin akwatin, ya tabbata ba a tsallake 12, 14 ko 17 ba. Ya nemi bidiyon ainihin kayan maimakon hoton talla, kuma ya fifita biya bayan kaya sun iso.

Daga ina za a fara?

A fara da sifanoni masu baki da zobe daga 8 zuwa 19, racet 3/8 da soket ɗinsa, sukudireba, filaya da guduma. Sai jak da mazaunansa, dogon hannu da soket ɗin taya. Bayan nan sifanar auna ɗauri, mita da na'urar OBD2. Sauran kuma aiki ne zai nuna su: duk abin da ɗan koyo ya ara sau uku a wajen maƙwabcinsa na gareji, lokacin sayen nasa ya yi, tunda kayan aro ba ya rufe katara. A ɗauki hoton akwatin a waya ranar da aka jera shi, domin da yamma, kafin a rufe bonet, a gane wace lamba ce ba ta dawo mazauninta ba.