Tayar Da Ba Ta Yin Faci: Yadda 'Yan Tseren Babur Ke Daidaita Taurin Soso

Kowa a cikinmu ya san abin da ke faruwa idan ƙusa ta huda tayar babur. Iska ta fice, mai babur ya sauka ya tura zuwa wurin mai faci. A cikin gari wannan ɓata lokaci ne kawai. To amma idan facin ya samu mutum a tsakiyar sahara, inda zai yi tafiyar ɗaruruwan kilomita bai ga ko rumfa ba fa? A wannan mako za mu duba dabarar da 'yan tseren babur na daji suka samo, da kuma lissafin Fiziks da ke cikinta.

Asalin dabarar

A ranar 26 ga Disamba, 1978, aka fara tseren motoci da babura daga birnin Paris na Faransa zuwa Dakar ta Senegal, wanda wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ƙirƙiro. Hanyar wannan tsere na farko ta ratsa Jamhuriyar Nijar, ta bi ta Agadas da Yamai. Duwatsu masu kaifi da ƙayoyin daji suka riƙa fasa tayoyin mahaya, kuma kowane faci yana cinye musu lokaci, wani sa'in ma ya jefa rayuwarsu cikin haɗari.

A farkon shekarun 1980 kamfanin taya na Michelin ya fito da mafita. Maimakon tub, wato robar nan da ake hura wa iska a cikin taya, sai ya ƙera wani zagayayyen soso mai kauri da ake cusawa ya cika cikin tayar. Faransawa na kiransa mus, wato kumfa a harshensu. An yi shi da roba mai ɗauke da ƙananan ramuka rufaffu masu tarin yawa, kowanne cike da iskar nitirojin. Idan ƙusa ta shiga, 'yan ramukan da ta taɓa ne kawai za su fashe, sauran suna nan daram. Babur ya ci gaba da tafiya.

Tseren Dakar ya bar Afirka, ya koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya tun 2020, amma har yau da wannan soso mahayansa ke tsere.

Matsalar da soson ya zo da ita

Mai tub yana da sauƙi. In yana son taya ta yi tauri ya ƙara iska da famfo, in yana son ta yi laushi ya rage. Soso kuwa ba shi da bakin hura iska. Taurin da ya zo da shi daga kamfani, wanda a na Michelin ya yi daidai da matsin iska na kusan bar 0.9, shi ne za a tarar a cikin taya. Alhali kuwa ba kowace hanya ce ke son wannan taurin ba.

Mu tuno darasin aji: matsi shi ne ƙarfi a raba da faɗin wuri. Mu ɗauka babur da mahayinsa sun kai kilogiram 200, wato ƙarfin da suke danna ƙasa da shi ya kai kusan niyuton 2,000. Bar ɗaya daidai yake da paskal 100,000. Idan muka raba 2,000 da 100,000 za mu samu murabba'in mita 0.02, wato murabba'in santimita 200. Wannan ne, a kimance, faɗin robar tayoyin biyu da ke taɓa ƙasa. Idan aka rage matsin zuwa rabin bar, faɗin zai ninka ya zama 400. Taya mai laushi tana baje wa a ƙasa, ta rungumi dutse ko saiwar itace, ta kama sosai. Haka tafin raƙumi yake bajewa a kan rairayi, shi ya sa ba ya nutsewa.

To me zai hana kowa ya sa soso mai laushi? Zafi ne. Ku samu waya ku yi ta lanƙwasa ta kuna miƙarwa da sauri, za ku ji wurin ya ɗau zafi. Haka soson yake. Duk juyawar taya sai ya matse ya sake buɗewa, kuma ba duk ƙarfin da ya shiga cikinsa yake dawowa ba, wani kaso yana komawa zafi. Mai laushi ya fi matsewa, don haka ya fi saurin zafi. A Dakar, inda gudu kan wuce kilomita 140 a awa, soso mai laushi zai iya dagargajewa a cikin taya, ya bar mahayi a kan rim. Shi ya sa mahayan sahara ke zaɓar mai tauri.

A tseren Erzbergrodeo kuwa, wanda ake yi a wata mahaƙar ƙarfe a ƙasar Ostiriya tun 1995, labarin ya sha bamban. Mahaya 500 ke tashi a zagayen ƙarshe, ana ba su awa huɗu, kuma 'yan kaɗan ne ke kaiwa ƙarshe. Hanyar duk manyan duwatsu ce da tuddai masu tsayi, gudu kaɗan ne, abin da ake nema shi ne taya ta kama. A nan soso mai laushi ne sarki.

Yadda ake rage tauri

Hanya ta farko ita ce zaɓen girma. Idan soson ya fi cikin tayar kauri, za a matse shi kafin ya shiga, sai ya yi tauri. Idan ya ɗan fi siriri, sai ya yi laushi. Amma in ya yi siriri da yawa zai riƙa yawo a ciki, tayar ma ta iya zamewa daga rim.

Ta biyu ita ce huda. Makanikai kan sa injin huda su yi ramuka a jikin soson, da tazara iri ɗaya a duk zagayen. Kowane rami wuri ne da robar za ta samu ta matse. Sharaɗin shi ne a fara da ramuka kaɗan, a gwada, sannan a ƙara, domin abin da aka cire ba ya komawa. Idan kuma tazarar ba ta daidaita ba, wani ɓangaren taya zai fi wani laushi, babur ya riƙa tsalle.

Ta uku ita ce haƙuri. Sabon soso ya fi tauri, yana yin laushi da amfani. Don haka mahaya da yawa kan yi tseren gudu da sabo, su ajiye wanda ya sha aiki don ranar hawan duwatsu.

Yadda ake ƙara tauri

Idan soso ya tsufa ya saki, akan yanka shi a ƙara masa guntun wani tsohon soso, tsawonsa ya ƙaru, ya cika tayar dam. Wasu kuma kan tsaga tsohon tub su naɗe shi da shi don kaurinsa ya ƙaru. Akwai kamfanonin da ke ƙera soson gunduwa-gunduwa, in ana son tauri a ƙara gunduwa ɗaya, in ana son laushi a cire.

Ko wace hanya aka bi, dole a shafa man silikon na musamman a cikin tayar kafin a cusa soson. Man yana rage gogayya tsakanin soson da taya, gogayya kuwa ita ma zafi take haifarwa. Man inji ko giris ba sa maye gurbinsa, don suna cin roba.

Gargaɗi gare mu

Wataƙila wani ya ce bari ya cusa soson katifa ko tsumma a tayar babur ɗin gida don ya huta da faci. Kada a kuskura. Ramukan soson katifa a buɗe suke, iska na fita da zarar an danna, ba zai ɗauki nauyi ba. Shi kansa soson tsere ba a yi shi don kwalta ba, inda doguwar tafiya da gudu ke tara zafi, kuma Michelin na ba da shawarar a canza shi cikin wata shida da sawa. Ga babur ɗin haya da na zuwa makaranta, tub mai kyau da iska daidai yadda kamfani ya rubuta su ne kariya.

Aikin wannan mako: ku jiƙa tayar keke, ku ɗora ta a kan takarda, wani ya hau, ku zana shatin da ta bari. Ku rage iska ku sake yi. Ku auna faɗin shatin biyu, ku kai wa malamin Fiziks ku yi lissafin tare. Sai mun ji daga gare ku.